Ranar da Inna ta kira sunana

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu sun ɗauka na samu duniya na manta da mutane. Ba duniya ba ce, ciwo ne.

Duk wanda ya san ni a tashar Magama ya san da baki nake ci. Ni ke kiran fasinjan Maraɗi, ni ke tsokanar direbobin Nijar har su rasa ta cewa.

Da zazzaɓi ya fara, da ciwon kai kamar ana sara. Na sha maganin maleriya na koma aiki. Ran nan na buɗe baki zan ce Maraɗi, sai na ji na ce bokiti. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin la'asar babu mai dariya, don duk abin da na faɗa shirme ne.

Aka ce iska ce, aka yi ta min hayaƙi. Sai da na fara jijjiga aka kwashe ni zuwa Katsina.

An ɗebi ruwa a bayana, an yi hoton kai. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta hau ƙwaƙwalwa, ta taɓa wurin magana. Babur ɗina aka sayar aka sayi allurai.

Zazzaɓi ya sauka, magana ba ta dawo ba. Ko sunana ban iya faɗa. Na ji tsoro ƙwarai.

Ƙanwata Hadiza ta kunna min wani shirin Turawa a waya don ta ɗebe min kewa. Mutane ne a jirgin sararin samaniya, cuta ta hargitsa musu harshe irin nawa. Kafin shirin ya ƙare sun samo magani. Na juya wa Hadiza baya na yi kuka.

Likita ya ce a fara da sunana, a riƙa faɗa ina maimaitawa. Hadiza ta yi, nas-nas sun yi, shiru.

Ni ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda alkunya. "Wancan" take ce min. A asibitin ma nesa da gado take shimfiɗa tabarmarta, ko kallona ba ta yi in da mutane.

Wata safiya Hadiza ta fita sayen koko. Inna ta matso, ta riƙe hannuna, ta ce:

"Lawali. Ni ce, uwakka. Hwaɗi in ji."

Ban iya ba ranar. Amma duk sa'ad da ɗakin ya rage mutane sai ta matso ta sake. Ranar da sunan ya fito daga bakina, mayafi ta ja ta rufe fuska.

Da aka sallame ni ta koma "wancan", kamar ba a yi ba. Ban daɗe da komawa gida ba ta kwanta, kuma ba ta tashi ba.

Yanzu ina magana, a hankali, da in'ina. Ban koma kiran fasinja ba tukuna. Na gode wa Allah, da likitoci, da Hadiza, da 'yan tasha da suka yi min karo-karo.

Don Allah, in zazzaɓi ya zo wa mutum da rikicewar magana, ku kai shi asibiti a ranar. Kuma ku riƙa yi masa hira, yana jin ku.

Ku sa Inna a addu'a. Sunanta Rabi. Ni ma yau na fara faɗarsa.