Ƙafafun Inna da Madubin Makka

Ana idar da sallar asuba muka bar Anka, madubin Makka na cikin aljihuna naɗe da hankici. Irin wanda alhazai kan kawo tsaraba ne: ka kafa shi a ido, ka danna, hoto ya rufe ka ruf kamar kana wurin. Na ci alwashin sai na kai wa Inna shi har Gummi. Hawan jini ya sa ta a gaba, likita ya ce in ba ta riƙa hutawa ba, ɓarin jikinta na iya shanyewa. Ita kuwa a wurinta kwanciyar rana sai rago. Ni da madubin nan yake kwantar wa da hankali kullum, na ce ai na samo magani.

Tsohuwar akori-kura muka samu, mu da buhunan gero da akuya biyu. Damina ce, hanya duk ramuka cike da ruwa, direba yana ta kauce musu kamar ya san kowane da suna. Muka ratse Bukkuyum na ɗauki ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, da abin awon jininta. Nan na sha furar da nonon Fulani ya ji, na lashe ludayi ba kunya.

Bayan azahar muka iske Inna tana sussukar dawa, ita da aka ce ta huta! Na miƙa mata madubin. Tana leƙawa ta ga Ka'aba, sai ta ajiye shi, ta je ta yi alwala, ta ja mayafi, ta zauna kan dugaduganta, baya a sandare, tana ta hawaye. Ƙanwata ta auna, jini ya ƙara hawa.

"Inna, ki jingina mana, ki miƙe ƙafa," na ce.

"Kai ɗan nan, mi kaka hwaɗi? In miƙe ƙahwa gaban Ɗakin Allah? Ba ni yi!"

Kunya ta kama ni. Na zo gyaran gira zan rasa ido. Amma ban sha ramukan nan don in koma haka nan ba. Na zauna ina ta danna madubin har na wuce hotunan masallatai, na faɗo kan wata gonar dabino, ruwa yana bin ƙarƙashinta. Na shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, na jingina filo da katanga.

"Wannan gona ce kawai, Inna."

Ta leƙa ta daɗe. "Wagga kamar hwadamar babanku," ta ce. Kafaɗunta suka sauka. Ƙafa ɗaya ta miƙe, ɗayar ta bi ta. Kafin la'asar madubin ya zame kan ƙirjinta, tana barci. Da ta farka aka sake awo, jini ya sauko.

Kwana uku na yi ina gadin wannan barcin rana, sannan na bar mata madubin, na kamo hanyar Anka aljihu wayam. Na koyi cewa ido ko ya ga abin da yake so, jiki ba ya hutawa sai an ba shi wurin da zai sake. Jiya ƙanwata ta aiko min da saƙo: kullum bayan azahar Inna kan ɗauki tabarma ta ce za ta gonar babanmu, kada kowa ya tashe ta.