Mai Dabon Da Ya Zo Gaishe Da Kakata

Lokacin da nake aji uku a firamare, gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu na Ƙofar Marusa. Gidan wani ma'aikacin gwamnati ne, Kirista daga Filato, wanda aiki ya kawo shi Katsina har ya zama ɗan gari. Duk ranar Asabar bayan la'asar matarsa takan shimfiɗa mana tabarmi biyu a tsakar gida, ta sa a fito da akwatin a ɗora kan tebur. Sharaɗinta ɗaya ne, kowa ya wanke ƙafarsa kafin ya hau tabarma. Mukan cika gidan har zaure saboda shirin yara, kuma a cikin shirin ba wanda muke jira sai mai dabo.

Dogo ne siriri, mai wushirya, kullum cikin riga mai faɗin hannu da hula dara. Yakan zaro ƙwai daga kunnen yaro, ya yanka igiya biyu ya hura mata iska ta koma ɗaya, ya cusa hankici guda a tafin hannu ya jawo bakwai a ƙulle da juna. Amma abin da ya fi kashe mu da dariya shi ne yadda yake yi kamar abin ya ƙwace masa. Zai leƙa hula ya ce ƙwai ya ɓata, ya riƙe baki, ya tambayi yaran da ke gabansa ko wani ya gani, alhali ƙwan na zaune a kafaɗarsa. Mu da ke Ƙofar Marusa mu yi ta ihu muna nuna masa, kamar zai ji mu ta cikin gilashi. Katsinanci yake yi tsantsa, bai taɓa gyara harshe don kyamara ba, shi ya sa muke jin kamar kawunmu ne ya shiga akwatin.

Ni kuwa ina da in'ina mai tsanani. Kalma ɗaya takan maƙale mini a maƙogwaro har sai na buga ƙafa a ƙasa. A aji ba na ɗaga hannu ko na san amsa. A gaban talabijin ɗin nan kaɗai nake ihu tare da kowa, don babu mai sauraren yadda maganata ke fita.

Wata Asabar kakata, mahaifiyar babana, ta shiga gidan maƙwabtan karɓo dutsen guga, ta tarar ana nuna shi yana fito da tantabara daga cikin ƙwarya. Ta tsaya ta kalla, ta yi a'uziyya, ta kamo hannuna muka fita.

"Wanga mutum da mutanen ɓoye yake aiki," ta ce da muka isa gida. "Kada in ƙara ganin ƙafarki can ranar Asabar."

Na yi kuka har na gaji. Babana tela ne a Babbar Kasuwa, mutum mai kunyar mahaifiyarsa ƙwarai. Da ya dawo aka ba shi labari, na ga yana danne murmushi, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Yadda Inna ta ce haka za a yi." Asabar uku ina zaune a gida ina jiyo dariyar yara ta kan katanga.

Ranar wata Laraba mun taso daga makaranta aka ba ni abinci in kai wa babana shago. Ina shiga na ga mutum zaune a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana shan ruwan randa a kofin silba. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini. Shi ne. A kan keken ɗinkin babana kuwa ga rigar nan mai faɗin hannu an juya cikinta waje, duk jikinta ƙananan aljihu ne, wasu a hammata, wasu a bakin hannu, wani dogo yana bin gefen ɗinki har ƙasa. Ashe shekara da shekaru babana ke ɗinka masa su, bai taɓa faɗa wa kowa ba, don ya yi masa alkawari.

"Ɗiyarka ce?" mai dabon ya tambaya. Ya dube ni. "Sannu 'yan mata. Kina kallon shirinmu?"

Na buɗe baki in ce an hana ni, kalmar ta tsaya. Na yi ta fama da ita. Na saba mutane su ƙarasa mini magana, ko su kau da kai don tausayi. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye kofin, ya zuba mini ido kamar ba shi da wani aiki a duniya, har na gama ba shi labarin Kaka daga farko zuwa ƙarshe. Na san ya ɗauki lokaci, don sai da abincin babana ya huce.

Bai yi dariya ba. Ya juya wurin babana ya ce, "Malam, ai Hajiya tana da gaskiya ta yi tsoro. Ka yi mani izini in zo in gaishe ta ranar Juma'a."

Ya zo bayan an sauko daga masallaci, da ƙullin goro a hannu. Kaka ta zauna a kan buzunta a bakin ɗaki, ta ja mayafi, ta amsa gaisuwarsa a daƙile. Shi kuwa ya durƙusa ya bi gaisuwar tiryan-tiryan, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jikoki da zafin gari, har sai da ta ɗan saki fuska. Sannan ya ce, "Hajiya, an ce mani kina zargin ina da abokan aiki da ba a gani. Na zo ki gane su da idonki."

Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya ɗauki goro ɗaya ya sa a tafin hagu, ya dunƙule, ya buɗe, babu goro. Kaka ta ja da baya tana salati. Sai ya ce ta duba da kyau, ya sake yi a hankali, ya juya mata tafin hannunsa na dama. Ga goron nan maƙale tsakanin tafi da gindin babban yatsa, bai taɓa barin hannun dama ba.

"Shi ke nan?" in ji Kaka.

"Shi ke nan, Hajiya. Wallahi ba tsafi, ba layya. Wata shida na yi ina koyon wannan kaɗai, goro na faɗuwa ina ɗauka. Idonki yana bin inda na kalla, ba inda hannuna yake ba."

Kaka ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni nan." Ta gwada, goron ya faɗi ya gangara ƙarƙashin turmi. Ta sake, ya sake faɗi. A karo na biyar ya zauna, ta buɗe hagu babu komai, ta fashe da dariyar da ban taɓa jin ta yi irinta ba. Ta ce, "Ashe kai maƙaryaci ne kawai!" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, amma kowa ya san ƙarya zan yi tun kafin in fara, kuma ba na karɓe wa kowa komai sai ɓacin rai." Daga wannan Asabar na koma kan tabarmata. Kaka ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma har ta bar duniya ba jikan da ba ta ɓatar wa goro ba.

Shekarar da muka shiga aji biyar aka gayyace shi makarantarmu ranar rabon sakamako. An haɗa tebura an yi dandamali a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, iyaye sun cika fili. Ya yi na ƙwai, ya yi na igiya, sannan ya ce yana son mutum ɗaya ya taimake shi. Hannuwa suka tashi ko'ina. Ni na sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce, "Ke ɗiyar tela, taho."

Na hau dandamalin. Ya ba ni wata jaka baƙa, ya juya cikinta kowa ya ga babu komai. Ya ce wa jama'a jakar nan ba ta buɗe baki sai an ce mata "fito", kuma ita ba ta son gaggawa. Ya sa wani ɗan aji shida ya faɗa da sauri, aka duba, wayam. Ya sa hedimasta ya faɗa, wayam, fili ya ɗauki dariya. Sannan ya miƙo mini abin magana. Harafin farko ya kama ni kamar yadda na san zai yi. Ina jin iska na fita daga bakina babu kalma. Wasu suka fara ƙyalƙyala, ya ɗaga hannu ɗaya, wurin ya yi tsit. Ya kara kunnensa a jikin jakar ya ce, "Ku yi shiru, ta fara motsi. Ci gaba, haka take so." Da kalmar ta fita daga bakina, ya zura hannuna a ciki, na jawo farar tantabara tana fuka-fuki.

In'inata ba ta warke ranar ba, har yau tana nan in na gaji ko na ji haushi. Amma da aka koma makaranta na ɗaga hannu a darasin lissafi, malamin ya jira ni, na ba da amsa.

Na girma, na yi karatun aikin jinya, aka tura ni ɗakin yara a wani asibiti a cikin gari. Shirin talabijin ɗin ya daɗe da tsayawa, yara sun koma kallon waya. Wata rana wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta ce mini ai mai dabon nan maƙwabcinsu ne a Gobarau, yana nan da rai, sai dai ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ranar hutuna na hau ɗan acaɓa na tafi.

Na same shi a zaure kan kujerar roba, hannun dama a kwance bisa cinya. Ya rame, amma wushiryar na nan. Na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce. Ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinki, ba a yi tela mai riƙon amana irinshi ba." Muka taɓa hira. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ina da yara a ɗakin da nake aiki a asibiti, wasu wata biyu suna kwance da karaya ko ciwon sikila, ba abin da suke gani sai silin da allura.

Ya ɗaga hannun daman da na hagu ya sake shi, ya faɗi kamar tsumma. "Ɗiyata, wanda ke yin aikin ya tahi ya bar ni. Me zan nuna masu?"

Na ce, "Baba, ni ina da hannu biyu, bakina ne ba ya sauri. Kai kuma bakinka lafiya lau."

Sai ya ƙwala wa matarsa kira ta fito masa da tsohon akwatinsa na ƙarfe. Wata biyu ina zuwa duk ranar hutu yana koya mini. Malami ne mai faɗa. In na yi kuskure sai ya ce, "Ko makaho ya ga wannan, sake."

Muka tsayar da ranar Alhamis don wasan. A ta farko da hantsi aka kawo shi a keke mai ƙafa uku, muka tura shi cikin ɗakin a kujerar marasa lafiya. Yaran ba su san shi ba. Iyayensu mata ne suka fara miƙewa, wata ta dafe ƙirji ta ce, "Lallai shi ne!" Wani leburan asibiti, mutum mai furfura, ya jingine tsintsiyarsa ya tsaya a bakin ƙofa. Baba ya gabatar da ni a matsayin hannunsa na aro, ya ce in abu ya lalace laifin hannun ne, ba nasa ba. Ya yi ta zuba, ni ina yanka igiya ina haɗawa. Ana cikin haka wata yarinya 'yar shekara bakwai da aka rataye wa ƙafa ta ɗaga murya ta ce, "Na gani! Guntuwar tana cikin hannun Anti!"

Kunya ta kama ni. Shi kuwa ya yi dariya har da tari. Ya sa aka tura shi bakin gadonta, ya ce, "Tun da nake ba a taɓa kama ni ba sai da na ari hannu. Ke ce za ki riƙa duba mani aikinta daga yau." Yarinyar nan da ta kwana uku tana ƙin abinci, ranar ta cinye tuwonta.

Ya yi kusan shekara biyu yana zuwa, sai in jiki ya hana. Ya rasu da damina, bayan gajeruwar jinya, aka yi masa sutura da safe. Na je gaisuwa na tarar da layin ya cika da manyan mutane, 'yan kasuwa, malamai, direbobi, kowa da labarin da yake bayarwa na ranar da ya fara ganinsa.

Ba mu daina ranar Alhamis ba. Leburan nan mai furfura ne ya karɓi surutun, ashe shi ma gwanin ban dariya ne ba mu sani ba, ni kuma ina nan da igiyata. Wata sabuwar ma'aikaciya 'yar kudancin Kaduna ta koyi na hankici, ta ma fi ni iyawa. Ana kama mu kusan duk mako, yaran yanzu idonsu ya buɗe. Makon jiya, ranar Alhamis da sassafe, wani uba ya tare ni a baranda, ya ce likita ya sallami ɗansa tun Laraba, amma yaron ya ce ba inda za shi sai an yi wasa. Na je na roƙi shugabar ɗaki, ta harare ni, sannan ta ce a bar masa gadon zuwa azahar.