Ruwan da ya ɗauki Ramatu

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar ƙanwata Ramatu a matanite, asibitin haihuwa na Gaya. Sojoji ke mulki a lokacin, yau ma su ne, ni kuma har yanzu ban gane abin da ya kashe ta ba.

Da ƙafarta ta shiga ɗakin haihuwa, tana yi mini tsiya wai na fi mai naƙudar tsoro. Jaririya ta faɗo lafiya. Sai numfashi ya sarƙe wa Ramatu, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Ungozomar ta fito ta yi bayani da Faransanci, mai gadi ya fassara mana a taƙaice: ruwa ne ya shige ta.

Mu mutanen bakin gulbi, in aka ce ruwa, wuri ɗaya hankalinmu ke zuwa. Nan take mahaifiyarmu ta tuna Ramatu ta ƙetare zuwa Malanbil da tsohon ciki sayen atamfa. Shi ke nan, mutanen ruwa sun biyo ta. Wata gwaggo daga ƙauyen Bana ta ce a'a, ruwan da ta kurɓa tana naƙuda ne. Don kada a ɓata wa kowa rai, aka haɗa duka biyu: mai ciki a gidanmu ba ta ƙetare gulbi, mai naƙuda kuma ko leɓenta ba a jiƙawa. Da Ramatu za ta ga yawan matan da muka bari da ƙishirwa da sunanta, da ta yi dariya har ta gaji, sannan ta zage mu.

Jaririyar nan, Zalika, ni na goya ta. Yanzu cikinta na fari ya tsufa. Na raka ta awo, na kwashe labarin na faɗa wa likita. Ya ce ba ruwan gulbi ba ne, ba na randa ba ne. Ruwan da ɗa ke kwance cikinsa ne kan kutsa jinin uwa, jiki ya birkice. Abu ne da ba kasafai ba, kuma ba ya sallama. Na ce me ke jawo shi? Ya ce ana zargin yawan shekaru, fiɗa, ko allurar naƙuda, amma su ma ba su da tabbas. Ramatu ba ta da ko ɗaya. Gado fa? Ya ce ba a san shi da bin jini ba, har waɗanda suka tsira akwai masu sake haihuwa lafiya, sai dai ba su da yawan da zai yi rantsuwa a kansu.

Na fito a ruɗe. Gulbi dai ana iya ƙin ƙetare shi. Wannan ruwan kuwa tare da shi Zalika take kwana take tashi.

A hanya Zalika ta ce, "Inna, in na bi mahaifiyata, kuma mace na haifa, ki sa mata sunanta."

Yadda ta karkatar da kai tana maganar, uwarta ce sak, ita da ba ta taɓa ganinta ba. Abin da ya rage mini na ƙanwata ke nan, kuma tsoro nake kada in rasa shi sau biyu.

Na ce mata ba ni zan sa ba. Ita za ta sa, ita kuma za ta yi ta wahalar neman laƙabi, tunda ɗiya ba ta kiran sunan uwarta.