Kankanar Honarabul Haskett

Lemuel Haskett ɗan maƙeri ne, amma tun yana yaro ubansa ya gane bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya koyar a makarantar ƙauye, ya karanci shari'a, ya auri Drusilla. Ita ce ta riƙe gona da shanu, shi kuwa yana yawon jawabi. A haka mutanen arewacin Wisconsin suka tura shi Majalisa a Washington, ina jin don kunnuwansu su huta.

Al'ada ce a lokacin a ba kowane ɗan majalisa buhunan iri ya raba wa manoman mazaɓarsa. Rabon Lemuel kabeji ne da albasa, abin da ƙasarsu mai sanyi ta saba da shi. Sai wani abokinsa ɗan Georgia ya yanka masa kankana ya sha, shi ke nan aka shiga uku. Lemuel, bawan Allah, ya yi musayar rabonsa kaf da irin kankanar kudu, ya dawo yana hawa kowane kututture yana alkawarin bana kowa zai sha abin da bai taɓa sha ba.

"Mista Haskett," in ji Drusilla, don haka take kiransa in ranta ya ɓaci, "wata nawa abin nan yake yi kafin ya nuna?"

"Haba Drusilla, ke dai ki shuka. Zaƙinta kaɗai ya ci mana zaɓe."

Aka shuka kuwa, har da ita. Kankana ta yi yaɗo, ta yi 'ya'ya tula-tula, sai sanyin farkon kaka ya sauko ya kashe ganyen tas. Duk wadda aka fasa fara fat, ko alade sai ya shinshina ya wuce. Ranar gangamin zaɓe ana cikin gasa naman shanu, wani manomi mai suna Amasa Pruitt ya turo baro cike da ita har gaban mumbari.

"Honarabul, ga amfanin gonarka. Fara ɗanɗanawa, mu talakawa ma biyo baya."

Abin haushi, Lemuel ya karɓa ya tauna, ya ce saura kaɗan ta nuna. Ya sha kaye warwas.

Rashin kujerar bai ci masa rai kamar sunan da aka laƙa masa ba, Honarabul Kankana, sarkin ƙarya. "Ni ban yi ƙarya ba," yake cewa, "da bakina na sha ta." Daga nan kowace shekara sai ya shuka ta a bayan gida don ya wanke sunansa. Mutumin da bai iya riƙe fartanya ba! Drusilla ta sha neman bargon yara ta tarar ya lulluɓe kankana da shi saboda sanyi. Yaran suka girma suka yi aure, ya ci gaba da aikin lauyansa, kankana kuma ta ci gaba da mutuwa ɗanya.

A bazarar da ya haura saba'in ya shuka, ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba, rai ya yi halinsa. Drusilla ta rantse gobe za ta tumɓuke shirmen nan. Amma da yamma ta yi sai ga ta da bargo tana rufewa tana mita. Shekarar nan sanyi ya makara, guda ɗaya ta nuna.

Ta ɗora ta a baro ta tura har bakin kanti, inda Amasa, wanda shi ma ya tsufa tukuf, yake zaune da 'yan hira. Ta sa wuƙa. Ja wur.

Amasa ya sha, sannan ya cire hularsa. "Gaskiya da zaƙi, Drusilla."

"Da zaƙi mana, ai bai taɓa yi muku ƙarya ba." Ta share ido da bakin gyalenta, takaici ya ishe ta. "Amma ku dubi halin mutumin nan fa. Duk shekarun nan yana jira, ya kasa ƙara ko wata ɗaya a duniya ya ga ta nuna."