Shekarar da Inji Ya Zauna a Ɗakina

Ɗakina ne kaɗai yake da ƙofar ƙarfe a gidanmu, shi ya sa aka kai injin jirgin Baba can. Na dawo daga aike na tarar an matsar da akwatina, an kafa wani katako mai ƙafafu a kusurwa, an rataye injin a tsaye, kansa a sama, farfelarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Uwata, ga baƙo na kawo miki," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ba ya ci, ba ya sha. Kada dai a kwantar da shi, kada kuma a jingina shi da bango kamar garma."

Garinmu yana bakin dam ɗin Watari. Gonakin rani na mutanenmu da yawa suna tsallaken ruwa, kuma wanda ya ce zai zagaya ta hanya ya ba da rabin yininsa. Baba yana da jirgin katako da wannan ɗan inji. Da safe ya tsallakar da manoma da takinsu, da yamma ya dawo da su da kwandunan tumatir da albasa.

Ina ƙarama yakan tafi da ni ranar da babu makaranta, kuma aikina guda ne. A bayan injin, ƙasa da murfinsa, akwai wani ɗan rami da ruwa yake fitowa ta cikinsa siriri. Injin yana zuƙar ruwan dam ne ya sanyaya cikinsa, wannan ɗan ruwan kuwa shi ne shaidar cewa yana zagayawa. Masu jirgi suna kiransa fitsari. Ni kunyar kalmar nake ji, a raina zaren ruwa nake ce masa, don in rana ta haska shi kamar zaren azurfa yake.

"Idan ya tsaya, ko da dagaci nake magana, ki taɓa ni," haka ya ce mini tun ranar farko. Yakan tsaya kuwa, in leda ko kainuwa ta rufe inda injin yake shan ruwa a ƙasa. Sai na taɓa gwiwarsa, ya kashe inji nan take, ya ɗago ƙafar injin ya cire abin da ya maƙale. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba a taka su. Ba a shan taba a jirginsa, ba a miƙewa tsaye. Kafin ya ja igiyar tayarwa sai ya ɗaura wata jar igiya a hannunsa, wadda in ya faɗa ruwa za ta fizge ta kashe injin, kada jirgi ya yi ta yawo da mutane babu direba.

Sai fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Baba ya ƙara kuɗin tsallakawa kaɗan, mutane suka kasa. Ya rage, shi ya kasa. Wata ranar damina ya cire tiyon fetur ya bar injin yana aiki har ya shanye abin da ke cikinsa ya mutu da kansa, don kada tsohon mai ya daskare a kafireta. Ya kwance fulogi, ya ɗiga man inji a ramin, ya ja igiya a hankali, ya mayar. Daga nan sai ɗakina.

Ya koma filafili da gora irin na kakanninsa. Mutum mai furfura, yana tura jirgi cike da mutane da ƙarfin kafaɗa. Da yamma Inna takan shafa masa man zafi, yana cewa ba komai, tana cewa to me ya sa ka kasa ɗaga buta.

Ni kuma a lokacin malamanmu na kwaleji sun tafi yajin aiki, an ce mu koma gida sai an neme mu. Da safe ina koyar da yara a islamiyyar unguwa, da rana in shige ɗaki da littattafaina. Gaskiya ba karatun nake yi sosai ba. Akwai wani zanzaro da ya saba da tagata. Baƙi ne, ƙugunsa siriri kamar an ɗaure shi da zare. Yakan sauka a bakin rijiya inda ƙasa take jiƙe, ya dunƙula ɗan laka, ya shigo da shi yana wani ƙaramin kuka, ya bi ta bayan injin, wajen bango, ya ɓace. Can sai ya fito hannu wofi. Wani lokaci tsutsa yake ɗaukowa, koriya, ta kusa fin shi nauyi, yana tangaɗi da ita a iska. Nakan ajiye biro in yi ta kallonsa har rana ta juya.

"Wannan karatu naki da ido a sama ake yin sa?" Inna takan ce daga ƙofa. "An tura ki ki zama malama, kin dawo kina gadin ƙwaro."

Akwai wani Alhaji mai sayen tsofaffin injuna da yake zuwa duk ranar kasuwa. Ya riga ya kwashe na masu jirgi da dama a bakin dam. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a ƙofar gidanmu ya tambayi lafiyar injin kamar surukinsa ne. Baba ya ce yana nan lafiya, yana hutawa.

Da tumatir ya nuna a tsallake, manoman suka zo wurin Baba. Jirgin filafili ba ya ɗaukar kaya da yawa, kuma kafin ya yi sawu ya dawo, motocin Kano sun cika sun tafi, abin da ya rage ya lalace a rana. Suka ce za su haɗa su sayi fetur da kansu, shi dai ya fito da inji gobe da safe. A daren nan Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Washegari ranar kasuwa ce. Na tafi islamiyya na bar shi yana cika duro da ruwa a tsakar gida, don ba a tayar da irin wannan inji a bushe ko na ƙiftawar ido. Da na dawo bayan azahar, duron yana nan, mai yana yawo a saman ruwan launi-launi, gidan yana warin hayaƙi. Inna tana zaune a bakin murhu, ba ta hura wuta ba.

"Ya ƙi tashi ne, Inna?"

"Ya tashi. Bai ma wahalar da shi ba."

"To mene ne?"

"Ba ya fitsari."

Ta ce Baba ya kashe shi, ya duba ƙasa inda yake shan ruwa, babu abin da ya toshe. Ya sake tayarwa, shiru. Ya ce robar famfon da take tura ruwa ce ta bushe ta mutu saboda zama, ko ma abin da ya fi haka. Ba a samunta sai a Kano, in an samu da me za a saya, kuma tumatir ba zai jira ba. Idan ya fita da shi haka, kafin tsakiyar dam zai ƙone, a rasa inji, a bar mutane a kan ruwa. Gara ya sayar tun yana tashi.

"Suna zaure shi da Alhajin, injin yana gabansu," ta ce, ta nuna da haɓa.

Na kasa kunne. Muryar Alhaji tana tashi tana sauka, sai na ji Baba ya ce, "Albarka." Wato bai yarda da tayin ba. Alhaji ya yi dariya ya ƙara wani abu. Baba ya sake cewa albarka, amma a hankali, kamar mai magana da kansa. Na san kalmar da take biye. Da zarar ya ce ya sallama, magana ta ƙare, Baba ba ya janye bakinsa ko za a mutu.

Na shiga ɗaki don kada Inna ta ga idona. Kusurwar ta yi fili, katakon yana tsaye babu komai a kansa. Ina zaune a bakin gado sai ga zanzaro ya shigo ta taga da lakarsa. Ya nufi inda ya saba, ya tarar da iska. Ya tsaya yana shawagi a wuri guda, ya zagaya, ya koma taga, ya sake dawowa daidai wurin nan, daidai tsayin nan. Na dubi tsayin. Na san abin da yake a nan in injin yana rataye. Na shafe ƙuruciyata ina kallonsa.

Na fito da gudu, ɗankwalina a hannu. "Inna, gidan zanzaro ne! A cikin ramin ya yi gini!"

Ta dube ni kamar na zautu. Na sake faɗa mata a hankali. Ta miƙe.

"Sa hijabi ki je ki ce ina kira."

"A gaban baƙo, Inna?"

"Ai kiran nake yi. Ko ƙarya na sa ki?"

Na tsaya a bayan ƙofar zaure, na yi sallama da muryar da ni kaina da kyar na ji. Na ce Inna tana magana. Alhaji ya ce, "Malam, mu ƙarasa mana, kalma ɗaya ta rage." Sai na ji Baba ya jawo takalminsa.

Ya shigo fuskarsa a gajiye. Na durƙusa na fara bayani, na fara daga taga da rijiya.

"Uwata," ya ce, "yau ba ranar waƙa ba ce."

"Baba, ba waƙa ba ce. Wurin... wurin fitsarin ne. Ina jin ruwan yana zagayawa, hanyar fita ce ya rasa. Wata da watanni yana kai laka can."

Ban taɓa faɗin kalmar a gabansa ba. Inna ta juya baya tana danne dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya koma zaure. Muka ji yana ba Alhaji haƙuri, sai ga shi da injin a kafaɗa, wannan kafaɗa da ta kasa ɗaga buta.

"Malam, injin da ba ya fitsari ai gawa ne," Alhaji ya ɗaga murya daga zaure. "Ni taimakonka zan yi!"

Na zaro tsinken tsintsiya. Baba ya girgiza kai. "Zai karye a ciki, mu ƙara wa kanmu aiki." Ya yanko zaren kamun kifi mai kauri, ya gwada sakawa, yatsunsa da gora ta sagar suka kasa saita ramin. Sai ya miƙo mini.

Daga waje ramin tas yake, baƙi, babu alamar komai. Zaren ya shiga kamar tsawon gaɓar yatsa ya tsaya. Na murza, na tura, na murza. Wani abu ya ɓare. Jar ƙasa ta zubo a tafin hannuna, irin ta bakin rijiyarmu, sannan wata busasshiyar tsutsa. Na yi ta yi har zaren ya wuce babu tsayawa.

Baba ya ɗaura injin a bakin duro, ya tabbatar ruwa ya rufe wurin sha, ya duba ba ya cikin giya. Ya matsa ƙwallon robar tiyon fetur har ya yi tauri. Ya ɗaura jar igiyar a hannunsa, a tsakar gida, babu jirgi babu dam. Ya yi bismillah ya ja.

Injin ya ɗauka. Kaji suka watse. Babu abin da ya fito daga ramin. Sai ya tofar da laka, ya yi tari, ya sake tofarwa, sannan zaren ruwa ya fito, ya lanƙwasa kamar baka a iska, ya tsallake bakin duro ya sauka a kan tabarmar Inna.

Baba ya tara hannu. Ya bar ruwan yana zuba a tafinsa, yana jira ya ji ko zai yi zafi. Ya daɗe a haka. Sannan ya kama hannuna ya sa a ciki. Ɗumi ne kawai, kamar ruwan randa da rana ta taɓa.

Inna ta rangaɗa guɗa.

"An haihu ne?" in ji Alhaji daga zaure.

"An yi fitsari, Alhaji!" Baba ya ce. Ya kashe inji, ya share hannu a rigarsa, ya fita. Wannan karon har maƙwabta sun ji albarkar da ya faɗa.

Bai yarda da robar famfon ba duk da haka. Ya ce ta daɗe a bushe, da kuɗin sawun farko za a sayo sabuwa, kuma kafin nan ba zai cika jirgi ba, ba zai yi nisa da gaɓa ba sai inda dole. Kuma yana son ido a kan ruwan nan daga tashi har sauka.

"Gobe ki nemi wadda za ta riƙe miki yaran," ya ce.

Da safe na zauna a inda nake zama ina ƙarama, gwiwoyina yanzu sun yi wa wurin yawa. Manoma suka shigo da kwanduna wofi. Wani dattijo abokin Baba ya dube ni ya dubi injin.

"Jiya aka ce ya mutu. Daga Kano ka kawo makanike?"

"Daga ɗaki," in ji Baba, yana ɗaura jar igiya. "Ga ta nan. Ka gaishe ta da kyau, in ba haka ba a bayanka za ka ɗauko tumatir ɗinka."

"Ranki ya daɗe, injiniya," dattijon ya ce, jirgin ya ɗauki dariya.

Na ja hijabi na rufe rabin fuskata, amma ban sunkuyar da kai ba, don aikina yana bayan inji. Gaɓa ta fara ja da baya. Rana ta fito ta kama zaren ruwan, yana zuba a kan dam bai yanke ba, har muka ji ƙasan jirgi ya taɓa yashin tsallake inda kwandunan tumatirin da aka tsinke jiya suke jira a ƙarƙashin ganye.