Carbin Malam Ɗan'inna

Malam Ɗan'inna taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka ina da ikon faɗin abin da wani ba zai faɗa ba: mutum ne mai taurin kan tsiya. Amma a sanin doki, daga Limawa har Buji ban ga na biyunsa ba. Duk mai son sayen dukushi, wato matashin doki, don sukuwar bayan Sallah, sai ya kawo masa ya auna.

Ga yadda yake awon. A bayan gari akwai wata tsamiya, can gaba kuma akwai kwalbati. Mahayi zai saki dokin daga tsamiya, shi kuma Ɗan'inna yana tsaye a kwalbati da carbinsa, yana jan ƙwaya ɗai-ɗai yana cewa Subhanallahi. Inda yatsansa ya tsaya lokacin da dokin ya wuce, shi ne lambar dokin. Ɗan sittin na kirki ne. Ɗan saba'in kuwa, sai ya ce a kai shi ɗaukar amarya. Ba ya karɓar komai a wannan aiki. Abin da ya mallaka a duniya goɗiya ɗaya ce, sai kuma maganarsa, wadda in ya faɗa ba a sake tambaya.

Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, aka turo wani malamin dabbobi, Chollom, mutumin Filato, ya kama haya a Takur. Shi ma mayen doki ne. Ranar farko ya zo da wani agogo da ake dannawa, yana murmushin nan na 'yan boko. Doki ya wuce, Ɗan'inna ya ce sittin da uku, Chollom ya duba agogo. Sakan sittin da uku ne cif. Aka sake, haka. Tun daga ranar ba su rabu ba, shekara tara, ɗaya da carbi ɗaya da agogo, suna musu a kan ƙwaya guda kamar za su daku. Ni kuwa ina gefe ina zuga su.

Sai shekarun nan na shari'a suka zo, ƙasa ta ɗau zafi, kowa yana jin labarin abin da ake yi a wasu garuruwa. Ba wanda ya taɓa Chollom a nan, amma matarsa Juliana ta daina barci, 'yan'uwa kuma suna ta aike a dawo gida. Ranar da suka ɗaure kaya ya kawo wa Ɗan'inna agogon. Gogan naku ya karɓa, ya jefa a adaka, wai shi carbinsa bai taɓa ƙarya ba. Na san ba wannan ba ne dalilin. Ba ya son ganin agogon ne babu mai shi.

Bayan shekara biyu hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai harshensa ya ɗan yi nauyi. A masallaci na lura da abin. Mutumin da yake riga kowa gama tasbihi, yanzu har mu shafa mu sa takalmi yana nan yana ja. Me na yi? Tsokanarsa na yi, na ce tsufa ya zo, mata sun huta. Muka yi dariya. Wallahi ya zo mini a rai cewa wannan nauyin zai shiga awon dawaki, amma na ga kamar in na faɗa na ƙwace masa abin da ya rage, sai na ja bakina.

Ana nan sai Sharhabilu, wani manomi daga Buji, ya zo da wani doki bikili da fatake suka kawo, yana so a auna kafin ya saya. Aka saki doki. Ɗan'inna ya duba yatsansa, ya ce hamsin da biyu, tun da yake bai taɓa ganin irinsa ba. Ni da idona ban ga wani gudun a zo a gani ba, amma na sake yin shiru. Sharhabilu ya koma ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya kama dokin. Iyalinsa sun hana, ya ce ai Malam ne ya auna.

Ranar sukuwa dawaki tara suka fita, bikilin ya zo na takwas. Ba wanda ya zagi Ɗan'inna, kuma da zaginsa aka yi da ya fi sauƙi. Sharhabilu ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja dokinsa ya tafi, ga damina saura wata guda.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da agogon Chollom, ya sa an canza masa batir. Ya miƙo mini ya ce in danna, shi zai ja sittin. Na danna. Ban taɓa jin Subhanallahi ta yi mini tsawo irin na ranar ba.

"Nawa?" ya ce.

"Tamanin da ɗaya."

Ya daɗe yana kallon carbin. Sannan ya ce, "Sale, ka sani?"

Na ce na sani. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi da Chollom yana nan, da tun ranar farko ya gaya masa, don shi ba ya jin kunyarsa. Maganar nan har yau tana ci na.

A satin ya kai goɗiyarsa, wadda ya yi rainonta tun tana shan nono, kasuwar Shuwarin. Abin da aka ba shi bai kai shanu biyu ba, sa ɗaya ya samu. Shi da kansa ya kora shi har Buji. Sharhabilu ya ƙi karɓa, Ɗan'inna ya ɗaure masa a ƙofar gida ya juyo. A waccan daminar da wani sa na aro aka haɗa shi aka yi huɗar.

Bai sake zuwa kwalbati ba. Mutane sun ci gaba da kawo dawaki, yana sallamarsu daga zaure, har suka gaji suka daina. Turken goɗiyar kuwa bai yarda a tone ba, kullum da safe sai ya share wurin.

Ya yi shekara huɗu a haka kafin ya rasu. Wata rana bayan la'asar na tsaya jiransa a ƙofar masallaci, kowa ya watse yana nan yana ja. Na buɗe baki zan tsokane shi kamar da, abin ya ƙi fitowa. Ya ɗago ya dube ni.

"Tafi abinka, Sale," ya ce. "Wanda nake ja wa yanzu ba ya ƙosawa."