Ranar da Aka Miƙa wa Madam Tina Usur

Duk wanda ya bi layin teloli da ke bayan PZ a Sabon Gari ranar Litinin da safe, zai ji muryar Madam Tina tun kafin ya hango shagonta. Ƙafarta na kan keken ɗinki, tef rataye a wuya, bakinta kuma yana kan kocin da ya yi shirme ranar Lahadi.

Sunanta na yanka Clementina. Mahaifinta, Ejiofor, mutumin Enugu ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, da ya yi ritaya ya koma gyaran rediyo. A Sabon Gari aka haife ta, a nan ta yi wayo, Hausa kuwa a bakinta kamar ta 'yan cikin birni. Tana ƙarama, duk ranar da Rangers ta Enugu ke wasa, ita ake sa wa ta riƙe eriyar rediyo a tsakar gida, saboda baban ya ce hannunta ya fi waya kamo tasha. Haka za ta tsaya hannu a sama har a tashi wasa. In an ci Rangers, laifinta ne, ta motsa. Tun ana tilasta mata, har ta koma ita ke tuna wa tsohon cewa yau akwai wasa.

Tana budurwa aka yi gasar Olympics ta Atlanta, Kanu ya zura wa Brazil ƙwallaye biyun nan. Daga ranar ta ce duk inda mutumin nan ya sa ƙafa, nan take. Ya koma Arsenal ta bi shi. Da ya bar Arsenal kuma sai ta ƙi tashi.

"Ni ba 'yar haya ba ce," in ji ta. "Na riga na shigo da kayana."

Ra'ayi kam Madam Tina tana da shi a kan kowa. Ɗan wasan da ake taɓawa kaɗan ya faɗi yana birgima, ta ce goyo ya yi masa yawa yana yaro. Ɗan bayan da ya rina gashi, ta ce a sayar da shi tun yana da daraja, domin hankalinsa ya koma madubi. Amma inda ta fi ƙarfi shi ne kan masu horarwa. A wurinta ba a taɓa cin ƙungiya don abokan karawa sun fi ta iyawa ba. Koci ne bai yi canji da wuri ba, ko ya yi canjin da bai kamata ba, ko ya tsaya ya harɗe hannu kamar mai jiran mota a Kwangila. Wenger, tsohon kocin Arsenal, ta so shi kamar kawunta, ta kuma yi masa faɗa fiye da kowa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne doguwar rigar sanyinsa da zif ɗinta ke maƙalewa a gaban kyamara.

"Mutumin da ya kasa jan zif, yaya zai gyara baya? Ya aiko mini rigar mana, kyauta zan yi masa!"

Koci ɗaya ne bakinta bai taɓa taɓawa ba, marigayi Keshi, wanda ya ɗauko wa Najeriya kofin Afirka. Hotonsa na manne a bangon shagon, tsakanin kalandar coci da hotunan samfurin ɗinkin amare.

Mijinta, Malam Julius Didam, mutumin Zonkwa ne, dogo, mai sanyin magana, yana koyar da darasin noma a wata sakandare a Samaru. Sun haifi 'ya'ya uku, babban shi ne Wisdom. Tsawon zamansu, Malam Julius bai taɓa gane mene ne satar gida ba, kuma bai damu ya gane ba. In ana wasa ya shigo falo, tambayarsa ɗaya ce: "Su wane ne namu?" A ce masa jajayen. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba su sa'a, ya wuce.

Wanda ke ɗaga mata hawan jini shi ne Chiedozie, mai sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke kallon nata. Cocinsu ɗaya a Jushi, shi kuma ɗan Chelsea ne har cikin ƙashi. Duk Litinin ɗin da aka ci Arsenal, sai ya tsallako da wando a hannu wai a ɗaure masa maɓalli, alhali maɓallin lafiyarsa lau. Ya zo gaisuwar ta'aziyya ne kawai.

To, cocin nasu yana da wata al'ada. Duk shekara, lokacin bikin godiya, zumuntar maza kan buga wasan sada zumunci da wani coci na Samaru. Chiedozie ne kocin mazan Jushi, kuma shekara uku a jere ana lallasa su. A karo na ukun, Madam Tina ta tsaya a bakin fili tun daga farko har ƙarshe tana zayyana kurakuransa da ƙarfi, har wani direban Keke da ya tsaya kallo ya tambaya ko tsohuwar matarsa ce.

Da shekara ta zagayo, ranar Lahadi bayan sujada, aka tsaya a harabar coci ana maganar wasa. Chiedozie ya ciro usur daga aljihu, ya taka har inda mata suke tsaye, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Madam, ga shi. Ni bana zan buga ne. Tunda kin fi Turawa sanin aikin, ki nuna mana."

Maza suka bushe da dariya. Ita kuwa ta karɓa, ta goge shi da gefen zaninta, ta busa har sai da Fasto ya leƙo ta taga.

"Asabar da asuba, filin firamare," in ji ta. "Wanda ya makara, benci."

Ranar Asabar kowa ya makara. Rana ta fito sosai kafin mutum goma sha biyu su taru, yawancinsu sun haura arba'in, tumbi a gaba, wasu da silifas. Ta ce a zaga fili sau biyu. A zagaye na farko mutum uku suka tsaya ɗaure igiyar takalmi, ciki har da mai silifas. Ta tambayi masu buga baya su ɗaga hannu, ba wanda ya motsa. Ta tambayi 'yan gaba, hannu goma sha ɗaya ya tashi. Wanda bai ɗaga ba shi ne mijinta, wanda ya rako ta ne kawai da kular ruwa.

"Baban Wisdom, zo nan. Miƙa hannunka sama." Ya miƙa, ya taɓa sandar raga ba tare da ya yi ɗage ba. "Kai ne gola."

"Maman Wisdom, ni fa ban san dokokin ba."

"Doka ɗaya ce taka. In ka ga abu ya taho, ka tare."

Babbar matsalar ita ce Dattijo Babatunde, ma'ajin coci, mai shekara sittin da wani abu. Shi ya sayi ƙwallon, don haka a ganinsa lamba tara tasa ce har abada. Madam Tina ta yi masa magana cikin ladabi, har da rusunawa, ta ce Baba ko zai zauna ya riƙa ba su shawara. Ya ce ai shawarar daga cikin fili ta fi shiga.

Riguna ita ta ɗinka da kanta, jajaye masu farin hannu. 'Yan Chelsea da 'yan Manchester da ke cikin tawagar suka ce ba za su sa ba, wannan cin zali ne. Ta ce wanda ba ya so ya buga tsirara. Chiedozie ya sa, amma ya saka shuɗiyar singileti a ciki, ya ce kada jan ya taɓa masa fata.

Ranar wasa da la'asar suka cika bas guda da Keke huɗu zuwa Samaru. Zumuntar mata suka biyo su da tulu da caki, suna waƙa tun daga Jushi. Suna sauka a filin, Madam Tina ta kalli abokan karawa. Rabinsu ɗaliban jami'a ne, samari sumul, suna ta tsalle-tsalle suna miƙe jijiya. Ta je wurin alƙalin wasa ta ce ai wasan zumuntar maza ne. Ya ce to, ai waɗannan ma maza ne.

Kafin mata su gama waƙar farko an zura wa mazan Jushi ɗaya. Malam Julius yana gyara tabarau ƙwallon ta wuce. Ba a jima ba aka ƙara ta biyu. Dattijo Babatunde kuwa ya kafa kansa a gaban ragar Samaru kamar an dasa shi, duk ƙwallon da aka tura masa sai alƙali ya busa satar gida, shi kuma ya ɗaga hannu yana kiran a sake turowa.

Sai baki ya buɗe a bayanta.

"Koci, ki yi canji mana!"

"Wannan matar ba ta san aiki ba. Dubi tsakiya a buɗe!"

"A cire golan nan, makaho ne!"

Ta waiwaya a fusace. Mai rake ne, da wani mai faci, da wata ɗaliba mai cin gyaɗa. Ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba.

"Ke, kin taɓa horar da ko kaza?" ta ce wa ɗalibar.

"A'a Mama, amma ai ina da ido."

Madam Tina ta juya ta koma kallon fili.

Bayan hutun rabin lokaci ta yanke shawara. Ta ɗaga hannu ta kira canji, lamba tara ya fito. Dattijo Babatunde ya juya baya yana kallon bishiyar dalbejiya. Ta kira shi da Baba, ta kira shi da Dattijo, ta busa usur ɗinta, wasa ya tsaya cak saboda kowa ya ɗauka alƙali ne. Da ta ga ba zai fito ba, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, ta ratsa filin har inda yake, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don girman Allah. Mama tana can tana cewa lokacin maganinka ya yi."

Ya waiga ya ga matarsa a cikin masu waƙa ta zuba masa ido. Ya fito a hankali yana ɗaga wa jama'a hannu, aka yi ta tafi. Alƙali ya bari sai da ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, sannan ya ɗaga mata katin gargaɗi.

Daga nan wasa ya ɗan daidaita. Chiedozie ya samu wata ƙwallo da ta kuɓuce wa ɗan bayan Samaru, ya rufe ido ya buga, ta shiga. Ya ɗage jar rigar yana nuna wa duniya shuɗiyar singileti, ya ruga wajen benci, ya tarar Madam Tina ta riga shi tsalle. Suka tafa, sannan kowa ya tuna da wa yake tafawa.

Saura kaɗan a tashi, wani ɗan bayan Jushi ya kama ƙwallo da hannu biyu a cikin da'ira, wai ya ɗauka ta fita. Fenariti. Wani dogon ɗalibi ya aje ƙwallo ya ja da baya. Madam Tina na ihu, "Dama! Baban Wisdom, faɗi dama!" Malam Julius bai san damar wa ake nufi ba. Da ya ga yaron ya taho da gudu, sai ya cire tabarau, ya juya baya ya dafe kai. Ƙwallon ta daki mazaunansa da ƙara, ta tashi sama ta haye raga.

Filin ya ruɗe. Mata suka shiga da tulu da caki, sai da aka roƙe su suka fita. An ƙara wa Jushi ɗaya kafin a tashi, aka tashi uku da ɗaya, amma a cikin bas ɗin komawa ba wanda ya ambaci ukun.

Washegari Litinin layin teloli ya yi tsit. Arsenal kuma ta yi canjaras a ƙarshen makon, Chiedozie ya tsallako da wandonsa yana jiran a fara zagin koci. Madam Tina ta ci gaba da yanka yadi.

"Ku bar mutumin nan ya sha ruwa," in ji ta. "Ba ku san abin da yake gani ba."

Wannan sassaucin bai kai wata guda ba. Da aka ci Arsenal a gida, ta dawo da ƙarfinta, har da bashin makonnin da ta yi shiru. Usur kuwa ta ƙi mayarwa, har yanzu ita ce kocin mazan Jushi, kuma har yanzu ba su ci Samaru ba, ko da yake bara sun yi kunnen doki.

Abin da ba ta yi tsammani ba daga cikin gidanta ya ɓullo. Malam Julius ya fara ba da labarin fenaritin a ɗakin malamai, a wurin mai shayi, a gidan biki. Da farko yana cewa Allah ne ya taimaka. Daga baya ya koma cewa ya karanci ƙafar yaron. Yanzu yana da ra'ayi a kan duk wani gola na Turai, yawancinsu a cewarsa suna saurin faɗuwa. Wata ranar Asabar ya ja kujera kusa da ita a gaban talabijin, ya ce shi ma ya zaɓi ƙungiya.

"Madalla," ta ce. "Na daɗe ina addu'a. Zan ɗinka maka ja."

"A'a, fara za ki ɗinka. Masu zakaran nan a ƙirji nake so. Tottenham ko?"

Madam Tina ta aje rimot. Duk duniya ba ƙungiyar da 'yan Arsenal suka tsana kamar Tottenham.

"Baban Wisdom, wa ya gaya maka sunansu?"

"Chiedozie. Ya ce maƙwabtanku ne, unguwarku ɗaya a Landan, za ki ji daɗi."

Ta miƙe ta ɗauki mayafi da takalmi. Ya tambaye ta ina za ta ana shirin fara wasa. Ta ce PZ, yanzu za ta dawo, kada ya taɓa mata kujera.